Darar salula da nike ginawa: ga inda aiki ya kwana

Salamu alaikum ƴan uwa masu koyon ƙera wasan bidiyo, ina gaishe ku daga Tahoua, da fatan kowa na lahiya. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu na tambaya ko na watsar da aikin darar nan ne. Ban watsar ba wallahi, tana nan tana rarrafe, yau dai na ce bari in zauna in ba ku labari.

Ga wanda bai san zancen ba, wata bakwai ke nan ina gina wasan dara na salula. Darar nan tamu ta ƙasa, gurbi 30, layi 5 kowane da gurbi 6, kowa da ƴaƴa 12, wani ya ɗauki tsinke wani ya ɗauki tsakuwa, Zabarmawa na ce mata dili. Da Godot nike aiki, wato manhajar ƙera wasanni, saboda kyauta ne kuma ba ya da nauyi, tsohuwar kwamfutata mai RAM jiga 4 tana ɗaukarshi in na sa shi a Compatibility, wato tsarinshi na ƙananan kwamfutoci. Wasu mutanen Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, su sunka fara shi, sunka buɗe shi ga kowa a 2014. Yarenshi GDScript ya yi kama da Python, wanda ya taɓa Python ba zai sha wuya ba.

To matsalata ba kod ba ce tun farko, lokaci ne. Ina shagon yayana daga takwas na sahe har magariba, fotokofi da buga takardu, in lokacin jarabawar BEPC da BAC ya matso kuwa ko ruwa sai ka tuna ka sha. Gida ga uwargida ga jaririyarmu da ba ta cika shekara ba. Ga fada da shayi bayan isha'i, ga ƙwallon da muke bugawa ran Lahadi da marece, in kokowar ƙasa da ake cin takobi ta zo kuma ni ba a raba ni da tele, kun san a nan Tahoua anka fara ta a 1975, abu ne da ke cikin jininmu.

Watanni ukun farko abin da na yi shi ne na yanke duk waɗannan. Na bar fada, na bar ƙwallo, daga isha'i in buɗe kwamfuta sai biyun dare. Na ɗauka haka masu yi da gaske ke yi. Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Wata rana na buga ma wani malamin lakwal takarda da kuskure har wuri huɗu, Yaya ya ja ni bayan shago ya ce, ƙanena, ban hana ka abinka ba, amma idonka ya nuna ba ka barci, kuma nan ne muke cin abinci. Uwargida ba ta ce komi ba, shirun nata ya fi maganar Yaya yi mini nauyi. Kuma abin da ya fi ciwo, kod ɗin da na rubuta ƙarfe ɗayan dare, da sahe in na duba rabinshi sai na goge.

A cikin wannan halin ne na gama sashen da kwamfuta ke wasa da mutum. Bari in ɗan tsaya nan don na san da yawanku za ku iso wurin. Dabarar ana ce mata minimax: kwamfuta ta gwada kowane motsi da za ta iya yi, sannan kowace amsa da kai za ka iya bayarwa, sannan nata kuma, haka har zurfin da ka sa mata, ta zaɓi wanda ya fi mata. A dara akwai lokaci biyu, na dasa ƴaƴa da na tura su. A dasawa ne ake shan wuya, don motsin farko gurbi 30 ne a buɗe, na biyu 29, sai 28, sai 27, in ka ninka su zurfi huɗu kaɗai ya ba ka 657,720. Salulata tsayawa ta yi cak kamar ta mutu. Amma da an gama dasa 24 ɗin, gurbi 6 ne kawai ya rage, motsin da ake iya yi ya zama kaɗan, nan kana iya barinta ta hango nesa. Sai na raba, zurfi kaɗan wajen dasawa, mai yawa wajen turawa, na ƙara dabarar alfa-beta da ke yanke rassan da an riga an san ba su da amfani. Ta koma tana amsawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ni kuma ta fara cinye ni, na ce to aiki ya yi.

Ran wata Juma'a bayan la'asar na bi ta gindin dogonyaron da tsofaffin unguwarmu ke dara, wurin da tun ina yaro nike tsayawa kallo amma watannin nan na ƙaurace mishi. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa ma wani dattijo abokin mahaifina salular na ce Baba, ga dara na sa cikin waya, ko za ku gwada. Ya karɓa da hannu biyu, ya nisanta ta da ido, yatsanshi duk ƙasa, ya fara dangwala gilashin a hankali. Sau ukku ya yi wasa, sau ukku ya cinye ta, na ƙarshen ma ƴaƴanshi biyu kawai ta ci. Ya miƙo mini ya ce, ɗana, abin naka ya iya ƙirga amma bai san doki ba.

Sai ya share ƙasa da tahin hannu ya nuna mini. Ƴaƴa biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙarƙashinshi, ɗa guda na kai da komo tsakaninsu, ya hau ya cika ukku ya ci, ya sauko ya cika ukku ya ci, kowane motsi da ci. Ya ce mai dara tun wajen dasawa yake gina dokinshi, kuma tun nan yake toshe na abokin wasa. Nawa kuwa abin da na koya mata kawai ta ƙirga ƴaƴa, wa ya fi yawa, shi ke nan, kuma daidai wajen dasawar ne na rage mata hange. Ni na san doki a ido tun da, amma wata ukku ina kulle a ɗaki bai taɓa zo mini a rai in sa shi cikin lissahi ba. A minti goma a gindin icce na samu abin da dararen nan duka ba su ba ni ba.

Nan kuma gardama ta tashi tsakaninsu kan ko ana cin ɗan da ke cikin jerin ukku na abokin wasa, wani ya ce ana ci, wani ya ce a garinsu haramun ne. Sun dai yarda jeri huɗu ba ya ci, kuma ba a jera ukku lokacin dasawa. Wancan da sunka saɓa a kai zan mai da shi zaɓi ne, kowa ya kunna irin ta garinsu.

Tun ranar na sake tsari. Zama ukku nike yi a sati, bayan sallar asuba, minti arba'in zuwa awa guda, gari da sanyi-sanyi, batir a cike, yarinya na barci. Ina da ƙaramin kaye da bik a aljihu, in shago ya yi shiru ko ina jiran shayi na biyu a fada sai in zana gurabu in yi tunanin a takarda, in na buɗe kwamfuta bugawa kawai ta rage. Kowane zama aiki guda, ƙarami, irin "in an ci ɗa ya ɓace a hankali", ba "gyara wasa" ba. Kahin in rufe sai na rubuta layi ɗaya na inda zan tashi gobe, wannan layin ya fi komi taimakona, don da rabin lokacin wajen tuno inda na tsaya yake tahiya. Kuma ina roƙonku ku koyi Git tun yau, wato manhajar da ke ajiye kowane mataki na kod ɗinka yadda za ka iya komawa baya in abu ya lalace. Cikin zafin watan Afrilu wuta ta ɗauke ina tsakiyar ajiya, batir ya riga ya mutu, fayil ya lalace, aikin sati biyu ya tahi. Yanzu kowane zama sai na ajiye a Git, ran Lahadi in kwafe a kilen USB.

Na koma fada, na koma ƙwallo, kuma abokan fada su ne masu gwada mini yanzu, su sunka gano guraben sun yi ƙanana ga mai babban yatsa. Akwai abubuwan da na haƙura da su: wasa ta intanet, 3D, da wasan kokowar da ke raina tun da daɗewa. Wani a fada ya kawo mini zancen Eric Barone da ya yi wasan Stardew Valley shi kaɗai. Gaskiya ne, amma shekara huɗu da rabi ya yi a kai kahin ya fito a 2016, kusan wuni yake yi yana aiki, ni awa ukku gare ni a sati, dole in ɗinka riga daidai yadin da ke hannuna.

Abin da ya rage yanzu: harafin da na zaɓa ba ya da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, akwatuna yake nunawa a madadinsu, zan koma Noto Sans ko Andika don su suna da su. Sauti kuma na ɗauki ƙarar tsakuwa na faɗawa cikin rairayi da salula, zan gyara ta a Audacity, manhajar gyaran sauti. Mai son fitar da APK, wato fayil ɗin da ake sa wasan da shi a wayar Android, ya tanadi kayan Java da ake ce ma JDK 17 da kayan Android, kuma fayilolin fitarwa na Godot sun kai wajen jiga guda, ku nemi wifi, kar ku ƙone forfenku na intanet.

Lissahin doki na gama shi jiya da asuba, yanzu tana ba ƴaƴa biyu masu buɗaɗɗen gurbi maki, doki kuma maki mai yawa. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan mayar ma Baba ita. Ƴan Maradi da Damagaram da Dosso, don Allah ku tambayar mini tsofaffinku yadda suke yi da ɗan da ke cikin jerin ukku, ina son in sa kowace da sunan garinta.