Riƙon Kyanwar Savannah a Garwa da Abin da Ya Koya Mini

Kyanwar da ake kira Savannah haɗi ce tsakanin magen gida da sarbal, wato dabbar dajin nan mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa da ɗige-ɗigen baƙi, wadda ke farautar ɓeraye da tsuntsaye cikin doguwar ciyawar fadama, kuma ake samunta a gandun dajin Waza da na Binuwai a nan Kamaru, da kuma Zakuma ta ƙasar Chadi. Wadda ke hannuna ta zo mini ne daga wata Baturiya da na yi wa aikin tuƙi a nan Garwa, wadda da wa'adin aikinta ya cika ta ga ba za ta iya tafiya da ita ba, sai ta bar mini amanarta tare da katin allurarta da takardar asalinta.

Ko da yake kakanta ɗan dajinmu ne, a Amurka aka fara samar da wannan iri. Ranar 7 ga Afrilun 1986 wata kyanwa irin ta Siyam, da ke hannun wata mai kiwo Judee Frank, ta haifi 'ya wadda ubanta sarbal ne, daga baya aka raɗa mata suna Savannah, sunan kuma ya bi dukkan zuriyar. Patrick Kelley da Joyce Sroufe ne suka dage wajen yawaita irin da tsara siffofinsa, har ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta duniya, TICA, ta fara yi masa rajista a 2001, sannan ta ba shi cikakken matsayin shiga gasa a 2012.

A kan takardar tawa an rubuta F5, kuma wannan lamba ita ce abu na farko da ya kamata mai niyyar riƙo ya tambaya. F1 ita ce 'yar sarbal kai tsaye, rabin jininta na daji ne, F2 jikarsa ce, haka ake ta lissafi, jinin dajin yana raguwa, girman jiki da zafin hali su ma suna raguwa. Samun F1 yana da wuya ƙwarai, domin cikin sarbal yana kai kwana 74 ko kusa da haka, na magen gida kuwa bai cika wuce kwana 65 ba, saboda haka sau da yawa 'ya'yan kan zo bakwaini. Bayan wannan, mazan da aka haifa a matakan farko ba sa haihuwa, yawanci sai daga mataki na huɗu ko na biyar, don haka ta wajen matan kaɗai ake ci gaba da zuriyar. Wannan ne ya sa kuɗin F1 guda kan haura dalar Amurka 10,000.

Da wani maƙwabcina ɗan kasuwa ya ji wannan farashi, sai ya same ni a zaure ya ce, "Malam, ai abin a bayan gidanmu yake. A sa maharba su kamo mana ɗan sarbal, mu haɗa shi da magen gida." Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri da wannan shawara." Riƙe naman daji ba tare da izinin hukumar gandun daji ba laifi ne, kuma sarbal yana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ko an kau da kai daga doka, babban sarbal na iya kai kilo 18, magen gida kuwa da ƙyar take wuce kilo 5, kuma idan ba tare suka tashi tun suna ƙanana ba, abin da zai gani a gabansa nama ne.

Duk da nisan da ke tsakaninta da kakan nata, jikinta bai ɓoye asalinta ba. Doguwa ce siririya, ƙafafun bayanta sun ɗan ɗara na gaba, a bayan kowane kunne akwai ɗan farin tabo, kuma wani baƙin layi ya gangaro daga gefen idonta zuwa hanci kamar kwallin da hawaye ya ja. Idan ta ga tsuntsu a kan dalbejiyar tsakar gida, ba ta yin kukan da muka saba ji daga mage, sai wani siririn sauti mai karkarwa, haɓarta tana rawa. Tana bin mutum duk inda ya nufa, ta koyi danna mariƙin ƙofa da ƙafa har ya buɗe, kuma ba ta tsoron ruwa ko kaɗan: idan aka bar randa a buɗe za ta tsoma hannu ta yi ta facal-facal, idan ana wanki kuwa cikin bahon take shiga. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, wannan ɗabi'a ta zama rahama, domin bahon ruwa a inuwa ya ishe ta.

Tsalle ne ya kawo mana rigima. Daga tsaye take ɗare katangar da ta fi tsayin mutum, kuma gidajenmu a buɗe suke, ga akurkin kaji a kowane lungu, ga masu kiwon tantabaru. Wata rana da asuba ta dira gidan da ke bayanmu ta kashe tantabaru, matar gidan kuma, dattijuwa ce, ta zo da kanta ta ce, "Ɗana, wannan abin naka damisa ce ko mage?" Na ce, "Inna, a gafarce mu," na biya kuɗin tsuntsayen, sannan na kira mai walda ya kewaye gefe guda na tsakar gida da ragar waya har da rufi, domin shingen da ba shi da rufi ba ya tsare ta. A ciki muka kafa kututture da katakai masu hawa-hawa, kuma na lura cewa ranar da yara suka yi wasa da ita sosai, suna jan tsumma a bakin igiya tana dakon sa tana cafkewa, daren ranar ba ta yaga labule ba ta kuma zubar da kwanuka.

Abinci ma ya sha bamban da yadda muka saba. Magen unguwa kan rayu da sauran tuwo saboda tana cika cikinta da ɓeraye da ƙadangaru, amma wadda aka killace ba ta da wannan dama, kuma kowace kyanwa mai cin nama ce zalla, tana buƙatar wani sinadari da ake kira taurin, wanda rashinsa ke lalata ido da zuciya. Ina ba ta kaza da zuciyar rago da hanta kaɗan, wani lokaci kifin Binuwai da aka dafa aka cire ƙaya, ba na kuma bari a zuba mata miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Likitan dabbobi yana yi mata allurar rigakafin haukan kare a kan lokaci, kuma tun kafin ta zo hannuna an yi mata aikin hana haihuwa.

Ƙasar Ostareliya ta haramta shigo da wannan iri tun 2008 don tsoron ɓarnar da zai yi wa ƙananan namun dajinta idan ya ɓalle, kuma bayan abin da na gani a gidan Inna ban ga laifinsu ba. Masu zuwa kallonta suna yawan tambayata inda za su samu irinta, ni kuma nakan fara nuna musu ragar wayar da kuɗin naman mako guda tukuna.