Hedifon mai waya da zafin Maradi: yadda na zaɓi nawa

Aikina sauraro ne. Ina fita ƙauyuka da na'urar naɗar murya, wajen Tibiri da Madarunfa, wani lokaci har Gidan Rumji, in yi hira da manoma da matan da ke sana'ar man gyaɗa. In na dawo Maradi sai in zauna gaban kwamfuta ina tace maganar, ina yanke tari da kukan jaki, ina rubuta abin da aka faɗa. Gajeriyar hira takan cinye mini wuni, kuma duk wunin nan akwai abu a kaina da ya rufe kunnuwana biyu. Shi ya sa da na tashi sayen hedifon na kirki na ba abin lokacinsa.

Tun farko na san mai waya nake so. Na Bluetooth yana da ɗan jinkiri tsakanin abin da ke kan allo da abin da ke isa kunne. Mai jin waƙa ba zai damu ba, amma mai yanke magana a daidai inda mutum ya ja numfashi zai gane. Ga batiri: in wuta ta ɗauke, salula da kwamfuta sun ishe ni lissafi, ba na son abu na uku da zan riƙa nema wa caji. Batirin ma a zafin garin nan ba ya tsufa da kyau. Mai waya kuwa ka soka shi a ramin nan na milimita 3.5, shi ke nan. Apple ta cire wannan rami daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, amma yawancin salulolin Tecno da Itel da ke hannun mutanenmu suna da shi har yanzu, na'urar naɗar muryata ma haka.

Na kuma san ina son babba, wanda ke zagaye kunne gaba ɗaya. Ƙananan da ake cusawa ciki suna sa mini ƙaiƙayi, wanda ke zama a kan fatar kunne kuma yana danne guringuntsi har ya yi ja.

Na fara da Babbar Kasuwa. Masu shaguna duk salonsu ɗaya: su ɗora maka a kai, su kunna waƙa mai kiɗa da nauyi, su ƙure murya. Wani saurayi ya ce mini, "Malam, ji yadda yake dukan ƙirji. Wannan ai ko a Kano sai an tona." Gaskiyarsa, yana duka. Sai na roƙe shi ya bar ni in sa abin da na zo da shi a salulata, wata hira da na yi da wata tsohuwa a gindin bedi, iska na kaɗawa, injin niƙa na aiki daga nesa. Na san wannan naɗi ciki da waje. Na san inda muryarta ke rawa, na san inda ta yi ƙasa da murya da ta zo maganar shekarar fari. A hedifon ɗin nan sai muryar ta koma can baya, gurnanin injin ya taso ya hau kanta. Kaurin sautin da ke burge mai saye a minti na farko shi ne ke binne tsakiyar sauti, inda maganar ɗan Adam take. Tun daga ranar duk wanda zan gwada da wannan tsohuwa nake gwada shi. Wanda ya bar ni na ji ƙarshen kalmominta ba tare da na ƙara murya ba, shi nake ci gaba da dubawa.

Lambobin da ke jikin kwali ba su taimake ni ba. Kusan kowane an rubuta masa 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siranta, na jika uku da na jika hamsin. Wannan iyakar jin kunnen mutum ce kawai, ba ta faɗa maka ko an fifita wani ɓangaren sauti a kan wani.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne a unguwar Zariya, tsohon ma'aikacin rediyo, da ke da ɗan ɗakin naɗar sauti a zauren gidansa. Yana da iri uku rataye a ƙusa. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ɗana, a tsaye ba a sanin hedifon. Ɗauki ɗaya ka zauna ka yi aikinka daga azahar zuwa la'asar. In ka cire ka ji sanyi ya ratsa ka kamar an sake ka, ba naka ba ne." Na ce, "To Baba, wanne zan fara da shi?" Ya ce duk wanda hannuna ya kai.

Lokacin bazara ne, watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 kuma fanka iska mai zafi kawai take juyawa. Ba a samun lokacin gwaji da ya fi wannan. A nan na fahimci cewa jin daɗin sawa abu ne da ke fitowa a hankali. Matsin ƙarfen da ke riƙe da kofunan biyu da ke rufe kunnuwa, da fari ba ka jin sa, sai an jima ya zama kamar hular da ta yi maka kaɗan, ciwo ya fara daga gefen ido ya gangaro muƙamuƙi. Ni mai tabarau ne, don haka matsin yana danna ƙafar tabarau cikin naman kaina, kuma ta ɗan ɗaga matashin da ke zagaye kunne, sauti ya riƙa zurarewa ta wurin. Sai zurfin kofin. In bai da zurfi, bakin kunnenka yana taɓa ƙyallen da ke rufe da lasifikar, ƙaramin taɓi ne, amma bayan awa biyu ba abin da kake ji sai shi. Nauyi ma haka, sai dai na lura yadda aka rarraba shi a kan kai ya fi adadin giram muhimmanci. Mai faɗin madauri da laushi ba ya bar maka zafi a tsakar kai.

Babbar magana a wurina matashin kunne ce. Yawancinsu fatar roba ce. Tana toshe hayaniya sosai, amma ba ta numfashi. Cikin rabin awa zufa ta taru a zagayen kunne, ta fara gangarowa wuya. Kuma zufa da zafi su ne ajalinta. Wani da na taɓa amfani da shi, tun kafin ya shekara fatar ta fara ɓarewa, in na tashi aiki sai in ga baƙin ɓurɓushi a kumatuna da wuyan rigata. Ɗaya daga cikin na Baba matashinsa na karan-miski ne, mai laushi, toka-toka. Shi ma akwai zafi, kada wani ya yi maka ƙarya, babu abin da zai rufe kunne a bazarar Maradi ya yi sanyi. Amma ƙyallen yana shan zufa, ba ya manne wa fata, kuma ƙafar tabarau tana nutsewa cikinsa.

Na Baba ukun su ne Sony MDR-7506, da Audio-Technica ATH-M40x, da Beyerdynamic DT 770 Pro. Na Sony tun 1991 ake yin sa, gidajen rediyo da yawa a duniya sun saba da shi, yana naɗewa ya shiga jaka, ga rashin nauyi, kuma yana fito da magana fili. Na Audio-Technica ana cire wayarsa a sa wata, abin da ya ja hankalina ƙwarai, domin yawancin hedifon ta waya suke mutuwa, a gindin kan da ake sokawa. Na Beyerdynamic, kamfanin Jamus, shi ne mai karan-miskin, kofinsa da faɗi da zurfi. Dukansu masu rufaffen baya ne. Akwai masu buɗaɗɗen baya, irin Sennheiser HD 600, waɗanda iska ke ratsawa, masana sauti suna yabon su, kuma ba su tara zafi sosai. Sai dai duk abin da ke waje yana shigo musu. Ɗakina yana kallon titi, ƴan kabu-kabu na wucewa, maƙwabcina yana tada injin wuta da zarar an ɗauke. Kuma in ina naɗi, sautin da ke fita ta bayansu zai koma cikin makirufo. Na haƙura da su.

Baba ne ya ja mini kunne a kan lambar om da ake rubutawa. A taƙaice, in lambar ta yi yawa, hedifon yana buƙatar na'ura mai ƙarfi kafin ya ba da murya yadda ya kamata. DT 770 Pro ana yin sa iri uku da aka fi sani: 32, 80 da 250. Na 250 na ɗakin naɗi ne mai amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, in ka soka shi a salula sai ka ji murya can ƙasa. HD 600 ɗin ma 300 ne. Na 32 an yi shi don salula, amma matashinsa fatar roba ce. Na 80 shi ne mai karan-miski da kwamfutata da na'urar naɗi ke iya ɗauka ba wahala. Shi na tsayar.

Samun na gaske wani aiki ne daban. A wani shago an nuna mini kwali mai sunan MDR-7506 a kan jika takwas, alhali na asali kuɗinsa ya kusa dalar Amurka ɗari. Araha ba ta ado. Da na riƙe shi bayan na riƙe na Baba, hannu kaɗai ya faɗa mini: robar tana ƙara in ka lanƙwasa, rubutun jiki ba shi da kaifi, wayar siririya. Nawa sai da na ba wani ɗan'uwana da ke fatauci zuwa ƙetare saƙo, na rubuta masa sunan da lambar 80 a takarda, na ce kada ya karɓi wani a madadinsa ko da an ce masa ya fi. Na haɗa masa da kuɗin matashi na biyu.

Wayarsa doguwa ce, mita 3, kuma ba a cire ta. Na naɗe rabinta na ɗaure da ƙyalle don kada ƙafar kujera ta taka. Wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya duba ya ce in ta tsinke aikin dalma ne, ba zai gagare shi ba. Karan-miski yana kwasar ƙura, musamman a hunturu, don haka ba na barin sa a kan tebur, cikin jakar ƙyalle yake kwana. Lokaci lokaci ina cire matasan in wanke da ruwa da ɗan sabulu, in shanya a inuwa.

Abin da ya fi canzawa shi ne yawan muryar da nake sawa. A da ina ƙure ta ne don in rinjayi hayaniyar titi in kuma tsamo kalmomin da suka nutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, in ya haura haka lokacin yana raguwa da sauri, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Yanzu muryar kwamfutata ba ta kai rabi, kuma ina jin abin da ake faɗa har da wanda aka faɗa a gefe. Duk awa guda ina cire shi in sha ruwa in goge kunne, ko da aikin bai kai inda nake so ba.