Tarihin Rayuwar John Adams, Kashi na 3: Lauyan Sojojin Ingila

A makon jiya mun tsaya inda Adams, lauyan da daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya kwashe iyalinsa daga Braintree ya koma Boston a 1768, lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkin Ingila. A shekarar ce Ingila ta jibge sojoji a garin, kuma tun ranar da suka sauka ba sa ga-maciji da mutanen gari.

Daren 5 ga Maris 1770 abin ya fashe. Jama'a suka yi wa wani soja mai gadin ofishin kwastan zobe a titin King, ana zagi ana jifa da ƙanƙara. Kyaftin Thomas Preston ya kawo ɗauki da 'yan sojoji, aka maka wa ɗayansu sanda ya faɗi, sai harbi ya tashi. Mutum 5 suka rasa rayukansu, cikinsu har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka.

Gari ya ɗau zafi. Paul Revere, wani maƙerin azurfa a Boston, ya buga zanen da ya nuna sojoji a jere suna buɗe wuta kan bayin Allah, Samuel Adams kuwa, ɗan uwan John, yana ƙara rura wutar. A cikin wannan hali John, mai shekara 34, wanda shi kansa yake adawa da harajin Ingila, ya yarda zai kare sojojin a kotu tare da lauya Josiah Quincy.

Sai a Oktoba aka gurfanar da Preston, kuma aka sallame shi domin an kasa tabbatar da cewa shi ya ba da umarnin harbi. A shari'ar sojoji 8, shaidar wani likita ta yi tasiri ƙwarai: ya ce Patrick Carr, ɗaya daga cikin waɗanda aka harba, kafin ya cika, ya faɗa masa sojojin sun yi haƙuri matuƙa, kare kansu suka yi. Aka wanke 6. Hugh Montgomery da Matthew Kilroy aka same su da kisan da ba na ganganci ba, suka tsira daga rataya, aka yi musu lalas a babban yatsa.

Ana yawan yaba wa Adams kan wannan shari'a, kuma ya cancanta. Amma ni akwai inda ya ɓata min. Don ya wanke sojojin ba tare da ya shafa wa 'yan Boston kashin kaji ba, sai ya nuna taron a matsayin tarkacen yara, baƙaƙe, 'yan Ailan da ma'aikatan jirgi, ya jibga laifin a kan Attucks, mamacin da ba shi da bakin kare kansa.

Siyasarsa dai ba ta taɓu ba, domin tun a watan Yuni, bayan kowa ya san ya karɓi shari'ar, Boston ta zaɓe shi ɗan majalisar Massachusetts. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi shi Filadelfiya taron wakilan yankunan Amurka na 1774.