Laraba: maki 100 da wayar Kawu

Tun safe nake fama da Lighthouse CI, manhajar da ke gwada shafin intanet ta ba shi maki, sai wajen azahar ya yarda ya zauna cikin GitHub Actions ɗinmu, wurin da gwaje-gwajen shafin da muke ginawa ke gudana. Yanzu duk wanda ya turo sabon aiki, gwaji zai tashi da kansa. In babban hoton shafin bai bayyana cikin daƙiƙa 2.5 ba, ko bambancin launin rubutu da na bango bai kai 4.5:1 da WCAG (ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman) ya gindaya ba, aikin ba zai wuce ba. Na rage nauyin hotuna, na mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi. Sauri ya ba ni maki 94 cikin 100, sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman kuwa 100 cif. Murna ta sa na tura wa Nasiru hoton sakamakon, ya amsa da Masha Allah.

Ƙarfe uku aka ɗauke wuta. Shinkafa da wake wajen Hajiya.

Bayan la'asar na biya gidan Kawu. Na same shi kan tabarma, waya a gefen kunne, TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon waya, tana zuba masa karatu da saurin da ni ba na iya kamawa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, ga shafin da muke ginawa, don Allah ku gwada mini."

Ya fara jan yatsa. Wayar ta ce "hoto1". Ya sake ja, "hoto2". Sai ya tsaya.

"Ɗana, hoton mene ne wannan?"

Na ce takalmi ne. Ya ce, "To ai ita ba ta faɗa ba. Da ba ka kusa, wa zan tambaya?"

Ban sami amsa ba. Na san yadda aka yi: makon jiya gwajin ya yi ƙorafi cewa hotuna ba su da bayanin alt, wato rubutun da ke faɗin abin da ke cikin hoto, muka cika gurbin da abin da ya zo hannu don ja ya koma kore. Na'ura tana duba ko akwai rubutu a wurin ne kawai, ba ruwanta da ko rubutun ya gaya wa mutum wani abu. Daga nan akwatin talla ya faɗo, Kawu ya yi ta lalube bai sami maɓallin rufewa ba, har ya miƙo mini wayar. Yadda muryar ke karanta Hausa da bakin Turanci, wannan ya ce ya saba. Bai yi faɗa ba, kuma shirun nasa ne ya fi tsaya mini a rai.

A adaidaita ina ta tunani. Gwajin yana da amfani, ba zan cire shi ba, ya kama kurakurai da yawa da idona ya tsallake. Amma yau da rana na ɗauka mun gama.

Kawu ya ce in dawo bayan sallar Juma'a. Hotuna 63 ne. Na rubuta na farko kafin isha'i: takalmin fata na maza, ruwan ƙasa, mai igiya. Saura 62, da akwatin tallan nan.