Kati 290 da suka fita da lambar uban wani

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullin shagon buga takardu a Gumel, bayan shekara huɗu ina kan injin bugu na Konica. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu abin da za su kiyaye. To ga shi, amma sai na fara da aikin da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci.

Cikin hunturu ne shugaban wata makaranta daga wani ƙauye a hanyar Maigatari ya kawo aikin katin shaida na ɗalibai 480. Gaba hoto da suna da aji, baya lambar wayar uba. Kati goma a kowace takarda, takarda 48 ke nan. Da yake kwalin mai kauri ne, injin ba ya juya shi da kansa, sai mun buga gaba duka, mu kife, mu sake zurawa ta tiren gefe. Tun kafin a fara na ce, "Maigida, bari in sa 'yar lamba a gefen kowace takarda, gaba da baya, mu riƙa gwadawa." Ya ce janareta na shan mai, in bar iyayi.

Muna cikin buga baya, a takarda ta 19 injin ya ja biyu a manne. Duk wanda ya yi aiki a hunturu ya san yadda kwali ke bushewa yana kama juna, har ya riƙa jan yatsa kamar lantarki. Na raba su, na ajiye wadda ba ta samu bugu ba a gefe da niyyar mayar da ita gurbinta. Sai maigida ya ƙwala mini kira in karɓi kuɗi wurin wani. Ina dawowa na danna ci gaba. Da injin ya nemi takarda a ƙarshe na ba shi waccan ta gefe, lissafi ya cika 48 cif. Na sa leda, na yanka, kati ya fito tas, ba wanda zai kalle shi ya ga aibu. Ashe daga takarda ta 20 zuwa ƙarshe kowane yaro lambar uban wani ke bayansa.

Bayan mako uku zazzaɓi ya kayar da wani yaro a aji. Malami ya kira lambar da ke katinsa, wani bawan Allah ya baro lambunsa a kan babur hankali tashe, ya tarar ba ɗansa ba ne. Uban yaron na gaske sai bayan la'asar ya ji. Wannan kam laifina ne, ban taɓa musu ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda maigida ya dubi shugaban makarantar a gabana ya ce, "Malam, a yi haƙuri, yaran yanzu ba sa jin magana." Ya yanke mini rabin albashi wata biyu, ban ce uffan ba.

Sauran a taƙaice. Ku karkaɗa kwali ya sha iska kafin ku zura, kuma kada ku tashi daga gaban inji ana buga baya, ko wa ya kira. Excel, manhajar da ake jera sunaye da lambobi a ciki, na cinye sifilin farkon lambar waya, ku mai da layin ya zama na rubutu tun kafin a shigar. In ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya, ba a adana fayil ɗin jerin sunayen, wato CSV, da tsarin haruffa na UTF-8 ba. In akwati suka zama, font ɗin, wato salon rubutun da aka zaɓa, shi ne ba shi da su. Ku gwada suna mafi tsawo a jerin, ku ga ko ya shiga katin, kafin ku saki aiki daga CorelDRAW, manhajar da ake tsara katin a ciki.

Lambar gefe kuwa tun daga ranar nake sawa ba tare da na tambayi kowa ba, kuma ba a sake dawo mana da kati ko ɗaya ba. A makon da zan tafi na ji maigida yana koya wa sabon yaro ita, yana cewa dabararsa ce tun yana aiki a Kano.