Godiya Bayan Buɗewar Takardun Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Iyayen yara da malamai da kuka yi ta kira kuna tambaya, ina yi muku albishir cewa takardun makaranta da suka kulle a cikin kwamfuta sun buɗe, ko ɗaya ba ta salwanta ba. Ni ke riƙe da ofishin wannan Islamiyya tamu a nan Kano, kuma tunda a hannuna abin ya faru, ni ya kamata in fito in yi godiya a gaban jama'a.

Daren Litinin wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone tsohuwar kwamfutar ofis, wadda muke ta lallaɓawa da Windows 7 duk da Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. Hankalina bai tashi sosai ba, domin duk Alhamis muna ɗaukar kwafin ko-ta-kwana a rumbun waje, abin da masu gyara ke ce wa bakof. Kwamiti ya sayo sabuwa mai Windows 11, na buɗe akawun da sunan nan dai da na saba, aka mayar da komai. Foldoji duk ga su a jere. Na danna ta sakamakon jarrabawa, sai kwamfuta ta ce ba ni da izinin shiga. Na danna ta albashi, haka. Ta rajistar marayu, haka. Da na duba nauyin folda na ga sifili, gabana ya faɗi, don a zatona kwandon banza muka yi shekaru muna adanawa. Ga shi ranar Asabar za a raba sakamako.

Godiyata ta farko ga shugaban makaranta. Wani ya ba mu shawara a yi wa rumbun fomatin a sake shigar da maki daga takardun malamai, wai bairos ne ya cinye. Malam ya ce, "Kada kowa ya goge komai sai wanda ya san abin ya gani." Da ba don wannan magana ba, da yau wani labarin nake bayarwa.

Sai babbar godiya ga matashin nan mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, wanda ya rufe shagonsa bayan la'asar ya biyo ni. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuma yi masa alkawari. Abin da ya fara yi shi ne cire rumbun waje ya miƙo mini. Ya ce, "Baba, sa wannan a aljihu. A kan kwafin da aka mayar za mu yi aiki, in hannu ya kuskure muna da wurin komawa."

Daga nan ya buɗe shafin tsaro na foldar, ya nuna mini wurin da ake rubuta mai ita. Babu sunana, sai wata doguwar lamba da ta fara da S-1-5-21, an rubuta cewa ba a san akawun ɗin ba. Ya ce Windows ba da suna take gane mutum ba, da wannan lamba take gane shi, kamar yadda mutum biyu za su yi suna ɗaya amma kowa da lambarsa ta NIN. Duk sabon akawun da sabuwar lambarsa, ko da harafi ɗaya bai bambanta a suna ba. Bakof ɗinmu kuwa an tsara shi ya kwashe fayiloli tare da izininsu, shi ya sa suka dawo suna jiran mai tsohuwar lamba, wanda ya tafi tare da kwamfutar da ta ƙone. Sifilin da na gani ma ba komai ba ne, an hana ni leƙawa ne, shi ya sa ta kasa ƙirga abin da ke ciki. Na tambaye shi me ya sa filashi bai taɓa yi mini haka ba. Ya ce yawancin filashi tsarin FAT32 ko exFAT gare su, ba sa riƙe izini kwata-kwata, rumbunmu kuwa NTFS ne, shi yana riƙewa.

Kafin ya taɓa komai ya duba ko akwai fayil mai alamar kwaɗo, irin wanda aka kulle da EFS, wato tsarin Windows na kulle fayil da mabuɗin sirri, domin wannan ko ka karɓi mallaka ba zai buɗe ba sai da mabuɗin tsohon akawun. Allah Ya taimake mu babu. Sai ya buɗe baƙar tagar umarni a matsayin admin, ya rubuta takeown /f D:\Makaranta /r /d y, wanda ya mayar da mallakar foldar da duk abin da ke ƙarƙashinta ga sabon akawun. Ya biyo da icacls D:\Makaranta /reset /t /c, wanda ya share tsofaffin izini ya sa kowane fayil ya gaji na foldar da ke samansa. Layuka suka yi ta gudu. Kafin kiran magariba na danna foldar sakamako ta buɗe, sunayen yara aji-aji, kowa da makinsa. Wallahi sai da idona ya cika da hawaye. Na rubuta umarnin a nan ne don wani ya amfana, amma ya ja kunnena sosai: a kan foldar takardunka kawai ake yin sa. Wanda ya yi shi a kan rumbun C gaba ɗaya, wato inda Windows take zaune, ko foldar Windows zai iya lalata kwamfutar.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona ya zo bayan haka. Don gajiya na ce masa ya buɗe wa kowa da kowa kawai, mu huta da wannan fitina. Ya girgiza kai. "Baba, akwai albashin malamai a nan, akwai sunayen marayu da na masu riƙonsu. Amana ce." Ya zauna ya yanke gadon izini a kan waɗannan foldoji biyu, ya bar ni da shugaban makaranta kaɗai, malamai kuma ya ba su ikon shiga foldar maki. Aikin da ya fi na farko cin lokaci ke nan, kuma ba wanda ya sa shi. A ganina wannan ne bambancin mai gyara da mai taɓe-taɓe. Ya kuma sa na gwada dawo da fayil ɗaya daga sabon bakof a gabansa, ya ce in riƙa yin haka duk wata.

Ina godiya ga malaman da suka kwana biyu suna haɗa takardun maki da hannu saboda ko-ta-kwana, musamman malamai mata na azuzuwan ƙanana, da maƙwabcinmu da ya ja mana wuta daga janaretonsa har bayan isha'i. Iyaye kuma mun gode da haƙurinku.

Mai gyaran kuɗin mota kawai ya karɓa, ya ce a sa mahaifiyarsa a addu'a, ba ta da lafiya. Don Allah duk wanda ya karanta ya roƙa mata sauƙi. Allah Ya ba ta lafiya, Ya yi wa sana'arsa albarka, Ya saka wa kowa da alheri.

Za a raba sakamako ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe kamar yadda aka sanar, in sha Allah.