Inda muka kwana a ɗinkin ƙwallo da ɗalibai

'Yan uwa masu koyon wannan sana'a, ga inda aikinmu ya tsaya. Mun gama yankan kwali, mun koma kan fata. Ragowar yanka na samo wajen dukawa a Ƙofar Wambai, da basilla da zare mai kakin zuma.

Fasalin da muke bi shi ne na ƙwallo mai gutsure 32: guda 12 masu kusurwa biyar, guda 20 masu kusurwa shida, irin Telstar da aka buga gasar cin kofin duniya ta 1970 da ita a Meziko. Kowane gefe kusan santimita 4.5 muke yankawa, ban da bakin ɗinki, don kewayenta ya faɗa tsakanin santimita 68 zuwa 70 kamar yadda doka ta tanada. Layin ɗinki 90 ne cif. A bai-bai ake ɗinkewa, sannan a juyo ta, a saka robar iska, a rufe bakin ƙarshe. Wannan bakin ne ke sa yara gumi.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, me ya sa ba za a yi ta sumul ba, a huta?" Sai na kawo masa misalin Jabulani, ƙwallon da aka buga gasar cin kofin duniya ta 2010 da ita a Afirka ta Kudu. Gutsure 8 kacal gare ta, kuma masu tsaron gida sun yi ta ƙorafi cewa tana yaudararsu a sama. Ramin ɗinki ne ke kama iska, ya sa ta manne jikin ƙwallo ta bi ta baya. Idan jikin ya cika santsi, aka kuma buga ba tare da juyi ba, sai ta riƙa lilo hagu da dama. Shi ya sa Brazuca, ƙwallon gasar ta 2014, duk da gutsurenta 6 ne, aka tsawaita ɗinkinta aka zurfafa shi. A ganina darasin ya fi shiga a nan, domin yaron da ya saba kallon Kano Pillars ya san ƙwallo mai lilo tun kafin a zana masa a allo.

Saura gwajin ruwa. Fata na shan ruwa ta yi nauyi, doka kuwa gram 410 zuwa 450 ta yarda. Za mu auna tamu a bushe, mu jiƙa ta, mu sake ɗorawa a sikeli. Wanda ya taɓa gwada man da ke hana fata shan ruwa ba tare da ta saki ba, ya faɗa mana.